Matoshin Jirgin Des

Sai bayan an binne Corey aka samu damar jawo jirgin daga inda ya nutse. Mazan Port Warrin suka taru a gangaren simintin da ake saukar da jirage, aka ɗaura igiya, motar Rusty, ɗaya daga cikinsu, ta ja, ɗan kwale-kwalen alminiyam ya fito yana aman taɓo. Aka zagaya shi, aka ƙwanƙwasa, aka leƙa. Babu huda, babu tsagewa. Amma ramin nan na gindin jirgi, wanda ake kwance wa matoshi don a tsiyaye ruwa in an dawo daga teku, yana nan a buɗe.

Duk wanda ya taɓa fita kamun kifi ya san ma'anar wannan. Muddin jirgi na gudu, ramin ba ya shan ruwa. Sai ka isa wurin kamunka, ka kashe inji, ka jefa anga, ka buɗe gwangwanin giya, sannan ruwa ya riƙa shigowa a sace ta ƙarƙashin daɓen katako. Kafin ya jiƙa maka tafin ƙafa, aikin gama ya gama.

Des, mai jirgin kuma uban Corey, yana tsaye a gefe ya dogara da sanda, fuskarsa duk ta saɓe saboda rana da gishiri. Shi aka tsamo da rai ranar da abin ya faru. Ɗansa kuwa sai gawarsa aka samu a saiwoyin itatuwan bakin teku.

"Da hannuna na ɗaura matoshin tun a gida," in ji Des. "Da hannun nan."

Ba wanda ya yi shakka. Des ne shugaban kulob ɗin masu kamun kifi, kuma shi ne mai tsayawa a gangare yana yi wa duk wanda ya manta matoshi ihu har garin ya ji, ya kuma laƙaba masa sunan da zai bi shi har tsufa. In ya ce ya ɗaura, to ya ɗaura. Ke nan wani ne ya kwance.

Ba a ɓata lokaci wajen neman wanin ba. Akwai Spiro, wani tsohon mai gyaran famfo daga birnin Melbourne, da ke zuwa kowane rani da ɗakinsa na ja da mota, da manyan firizoji, da wani kare mai ido ɗaya. A Port Warrin mutum zai ba ka aron motarsa, ya ba ka giyarsa ta ƙarshe, amma wurin kamunsa ko ƙaninsa ba ya nuna wa. Spiro kuwa sana'arsa ke nan, ya bi jirginka daga nesa, ya ga inda ka tsaya, gobe ka zo ka tarar ya riga ka. An sha sace masa iskar taya. Ana saura kwana kaɗan abin ya faru, Des ya shaƙe shi a gaban jama'a.

Rusty ne ya ja gaba, aka ɗunguma zuwa inda Spiro ya yada zango. Aka birkice motarsa yana ihu, karen na haushi. A ƙarƙashin kujerar gaba Rusty ya zaro matoshin, da ɗan jan zaren da Des ke ɗaura masa. Da Saja Nolan, ɗan sanda ɗaya tilo na garin, bai iso da wuri ba, da wani zancen ake yi yanzu.

* * *

Lorna, matar Des, ba ta je gangare ba. Tun ranar da aka kawo Corey take zaune a barandar gaba, tana amsa gaisuwa da ka kawai. Ita ce mai bin sawu ta yankin kaf. Uwarta ta koya mata a dajin kakanninta, tun tana da tsawon da ƙasa ta fi mata kusa da fuskokin mutane. Ta nemo shanun da aka sace, ta nemo 'yan yawon buɗe ido da suka ɓace, ta bi kada har raminsa. Ba mace ce mai haƙuri ba ko da can, balle yanzu.

Saja Nolan ya zo da hantsi, ya cire hularsa ya tsaya a ƙasan matakala.

"Anti Lorna, na rufe Spiro. Masu bincike na tafe daga birni su ɗauke shi da laifin kisa. Amma matoshi a ƙarƙashin kujera ba zai ishi alƙali ba, tunda rabin gari sun taɓa motar nan kafin in iso. Na san ke uwar mamaci ce, bai dace in roƙe ki ba."

"To me ya kawo ka?"

"Ba ni da wanda zai karanta mini ƙasa sai ke."

Daga cikin ɗaki Des ya ɗaga murya. "Nolan, ka bar ta ta huta mana! An kama ɗan iskan, me kuma ake nema?"

Lorna ta miƙe, ta jawo takalmanta na daji daga ƙarƙashin kujera.

"Zan duba," ta ce. "Ba don kai ba, ba don alƙalinka ba. So nake in kawo abin da zai sa a rufe mutumin nan har ya ruɓe."

* * *

Ɗakin tsare mutane na Port Warrin guda ɗaya ne, kuma mashaya suka fi sanin sa. Spiro yana zaune a bakin gado, leɓensa a fashe, farar singiletinsa ta yi jirwayen jini. Da ya ga Lorna bai ko yunƙura ba.

"Ina karena?" ya ce.

"Karenka kake tambaya? Ni ɗana na binne."

"Na sani. Na yi baƙin ciki. Amma ba ni na kashe shi ba, baiwar Allah. Ni ne ma na tsamo mijinki yana rungume da kular ƙanƙara kamar jariri. Na yi ta zagaye ina kiran yaron har mai ya kusa ƙare mini. Na lulluɓe mijinki da tawul ɗina, na sa shi a motata, na kai shi asibiti. Sakayyata ke nan." Ya nuna leɓensa.

"Me ya kai ka wurin har ka tsamo shi?"

Ya kau da kai. "Teku na ubanku ne?"

"Bin su kake."

"To, bin su nake! Mijinki na dawowa da kifin baramandi kamar cinyata, ni ina dawowa da kifin da ko kare ba ya ci. Na gaishe ku, ba ku amsa. Na sayi giya a kulob ɗinku, kun juya mini ƙeya. In ban bi ku ba, wa zai nuna mini?"

"An gan ka a jikin jirgin da safe, a shagon Bev."

"Na taka taya na leƙa na'urar nuna hanya ta mijinki, ko zan ga inda yake zuwa. Yaron ya fito, na tsuguna na ɓoye. Abin kunya ne, na yarda. Amma ban je gindin jirgin ba." Ya matso bakin ƙarfe. "Ki je ki tambayi wancan jan biri, Rusty, yadda aka yi ya san ƙarƙashin kujera zai duba. Mota cike da tarkace, hannunsa bai sauka ko'ina ba sai can."

Lorna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dakata a kan ƙafafunsa. Silifa ce ta roba, ta hagu ta cinye ta waje, don yana jefa ƙafar. Ta tsane shi, kuma ba ta ɓoye ba. Ta fita ba sallama.

* * *

Maganar Rusty ta tsaya mata a rai, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Rusty da Corey sun taɓa dambacewa a kan tarkon ƙaguwa, har aka raba su da bokitin ruwa. Ta same shi a bayan gidansa yana fere kifi, ƙudaje sun yi masa rumfa.

"Anti Lorna! Zauna mana. Kin ga yadda na kamo miki shegen?"

"Na gani. Wa ya ce maka ka duba ƙarƙashin kujera?"

Wuƙar ta tsaya. "Kamar yaya?"

"Kamar yadda ka ji."

"Haba Anti! Ni kike zargi? Ni da na ɗauki akwatin Corey a kafaɗata? Ai ko'ina na duba. Na zazzage bokiti, na yage jaka, na kwanta a ƙasa, shi ne na hango jan zaren. Tambayi kowa."

"Ina kake da safen ranar?"

"Ina gida."

Lorna ta taka zuwa inda jirginsa yake a kan 'yar tirelarsa, ta kankaro busasshen taɓo daga jikin anga, ta murza a yatsa. Baƙi ne ƙirin mai wari, irin wanda babu shi ko'ina sai can saman rafi, inda mutanen gari ke kafa tarkunansu.

"Tun ranar ba wanda ya fita sai masu neman Corey, su kuwa bakin teku suka yi. Wannan taɓon saman rafi ne. Tarkon wa ka kwashe?"

Rusty ya yi ja har kunne. Ya waiga hagu da dama.

"Na Nolan," ya ce a hankali. "Da na Bev. Tun duku-duku na fita, ban dawo ba sai da na ji ana kururuwa. Don Allah Anti, kar ki faɗa. Bev za ta kashe ni."

"Tir da halinka," in ji Lorna. Ɓarawon ƙaguwa ne, wannan kam ta tabbata. Amma wanda ke saman rafi tun asuba ba shi ne zai kwance matoshi a shagon Bev ba.

* * *

Shagon Bev shi ne gidan mai, shi ne wurin sayen koto da ƙanƙara, shi ne kuma gidan rediyon garin. Bev ta fito daga bayan kanta ta rungume Lorna, tana kuka tana magana a lokaci guda.

"Da idona na gan shi, Lorna! Na ce a raina, me wannan munafukin ke yi a gindin jirgin Des? Da na sani da na yi ihu."

"A gindi ko a gefe?"

"A gindi mana. To, a jikin jirgin dai. Ina zuba wa Corey ƙanƙara, na hango ta taga ya tsuguna."

"Kin ga hannunsa?"

"Ke kuma! Sai na ga hannunsa? Mutumin da ke auna mini koto da ido yana cewa na rage masa? Wanda ya iya satar wurin kamu ai babu abin da ba zai iya ba."

"A ina Des ya tsaya?"

"Inda ya saba. Ƙarƙashin mangwaro. Ba wanda ya ƙara tsayawa a wurin, wa ke da zuciyar?"

Lorna ta fita. Rana ta ɗan karkata, kuma haka take so, don sai haske ya zo a kwance ƙasa ke buɗe baki. Rani ne, ba a yi ko yayyafi ba. Ga sawun tayar motar Des, ga na tirela sun nutse saboda nauyin jirgi. Ga manyan ƙafafun Corey, ba takalmi kamar kullum, sun nufi shago sun dawo. Ta daɗe a tsaye a kansu kafin ta iya ɗauke ido.

Ga kuma silifar Spiro mai cinyayyen gefe. Ta zo daga hanya, ta tsaya a jikin tayar tirela, ta tsuguna, ta koma da sauri. Ba ta je gindin jirgi ba. Lorna ta ji haushi ya taso mata. Ta ce a ranta wataƙila ya miƙa hannu ne, ko ya zagayo ta kan ciyawa.

Sai ta ga abin da take nema. Daidai inda gindin jirgin ya tsaya, jar ƙasar ta yi ɓawo kamar faɗin faranti, alamar ruwa ya zuba ya bushe, da 'yan ɓawon kifi manne a ciki. Ta tuna da yammacin jajibirin ranar, Corey ya wanke jirgin da tiyo yana waƙa da muryarsa mara daɗi. Ruwan wanki kan maƙale a ƙarƙashin daɓe, ba ya fita duka. A nan aka kwance matoshin, ruwan ya zubo. Zuciyarta ta buga da wani mugun daɗi. Ta kama shi.

Daga ɓawon, ɗigo-ɗigo ya bi tsakanin sawun tayoyi ya nufi gangare, kamar yadda ya kamata. Ta juya za ta kira Nolan. Sabo ne kawai ya sa ta duba baya, don uwarta ba ta taɓa barin ta ta bar sawu ba sai ta ga inda ya fito.

Ta ɓangaren da motar ta shigo ma akwai ɗigon.

* * *

Ta tsuguna ta daɗe. Ɗigon ƙanana ne, kowanne ya yi ɗan rami mai ɓawo a ƙura, a jere a tsakiyar sawun tirela inda taya ba ta takawa. Jirgin da matoshinsa ke ɗaure ba ya ɗiga. Wannan kuwa yana ɗiga tun kafin ya iso inda Spiro yake.

Ta bi. A kan kwalta ɗigon ya ɓace, ta ji wani sanyi a ranta, ta ce ƙila a hanya aka tare su. Ta ci gaba da tafiya a gefen titi, motoci na rage gudu ana kallon ta, ba ta ɗaga kai ba. Ta wuce makaranta, ta wuce coci. A mararrabar da jar hanya ta rabu da kwalta, ɗigon ya sake bayyana. Inda hanyar ta yi tudu ma ba ɗigo ba ne, zirin ruwa ne ya kwanta. Hanyar nan gida ɗaya take zuwa.

Masu gaisuwa duk ta ƙofar gaba suke shiga. Ƙofar baya, ta rumfar jirgi, Lorna ba ta ko kalle ta ba tun ranar, don tiyon da Corey ya yar yana nan inda ya yar da shi. Yanzu ta buɗe ta shiga. Ɗigon ya ratsa ƙofar, ya bi tsakar gida, ya tsaya a ƙarƙashin rumfa, inda gindin jirgin ya kwana.

Ta zauna a kan wani bokiti da aka kife. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya zo mata tsoro ne, da wata gajiya da ba ta taɓa jin irinta ba. Ga tsintsiya can jingine da bango. Aikin ɗan lokaci ne, kuma babu mai iya karanta abin da ta share sai ita. Spiro ba kowanta ba ne. Des kuwa shi kaɗai ya rage mata a duniya.

Ta tarar da Des a kicin yana sa riga mai tambarin kulob. Za a taru da la'asar a sha giya don tunawa da Corey.

"Ina kika shiga tun safe?"

"Na bi sawu." Ta tsaya a bakin ƙofa. "Des, akwai abin da kake so ka faɗa mini? Mu biyu ne a nan."

Ya ɗan dakata da maɓallin da ke hannunsa. Da ya buɗe baki a lokacin, ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba.

"Me zan faɗa miki?" ya ce. "Ki sake kaya, ana jiran mu."

* * *

Kulob ɗin rumfar kwano ce mai fanka, bangonta cike da hotunan maza rungume da kifi. Ya cika maƙil. Ana cikin zuba giya Saja Nolan ya shigo da Spiro da ankwa a hannu, kamar yadda Lorna ta aika masa ya yi. Wurin ya kaure.

"Fitar mana da shi!"

"Nolan, ka haukace ne? A taron yaron?"

Wani ya jefo gwangwani, ya sami Spiro a kafaɗa. Lorna ta ɗauki kwalba ta buga a kan tebur har sai da aka yi shiru.

"Ni na ce a kawo shi. Ɗana ne, ba naku ba, ku rufe mini baki." Ta juya. "Bev, kin ce kin gan shi a gindin jirgi. Sawunsa a gefe ya tsaya. Ba ki ga komai ba, ƙin sa kawai kike."

"Lorna! Ni ce fa!"

"Rusty, na zarge ka, na kuma wanke ka. Inda kake da safen nan, kai da Bev da Nolan kwa sasanta daga baya."

Nolan ya ɗaga gira. Rusty ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

"Dukkanku kuna da jirgi," ta ci gaba. "Ku gaya mini, in an wanke jirgi da yamma, aka ja shi da safe ba matoshi, me yake yi a hanya?"

"Ɗiga," in ji wani dattijo daga baya.

"In da matoshi fa?"

Wannan kam ko yaro ya san amsarsa.

"Jirginmu ya ɗiga daga shagon Bev zuwa gangare. Ya ɗiga kafin shagon Bev. Ya ɗiga a jar hanya. Na jera duwatsu a gefe, duk mai ido ya je ya gani kafin rana ta faɗi. Ɗigon farko yana ƙarƙashin rumfar gidana. Ba wanda ya kwance matoshin nan. Ba a taɓa ɗaura shi ba."

Sannan Rusty ya yi tsalle ya miƙe.

"Ƙarya ne! Baƙin ciki ya taɓa miki kai, Anti. Des? Des ne zai manta matoshi? To ta yaya ya shiga motar wannan tsinannen?"

"Wa ya zauna a kujerar nan ranar?" in ji Lorna. Ba Rusty take kallo ba.

Des yana zaune a teburin shugaba, hannuwansa biyu a kan sandarsa. Jama'a na jira ya daka tsawar da ya saba. Da ya yi magana, sai da na baya suka miƙo wuya.

"A aljihuna yake." Ya ci gaba. "Na ɗauke shi daga kan ƙusa da safe, na sa a aljihun wando, na ce bari in ɗaura tirela tukuna. Ban ƙara tunawa ba. Ko a cikin ruwa ban tuna ba, na rantse, ina ta cewa me ya fasa mu. Sai a motar mutumin nan, ina rawar sanyi, na ji abu na tokare mini cinya. Na zaro, na gan shi." Ya dubi tafin hannunsa. "Na kasa riƙe shi. Na sake shi ƙasa, na tura da dunduniya. Ban yi nufin a ce shi ne ba. Da aka ce shi ne kuma, sai na ji zan iya numfashi."

"Ka ji," in ji Spiro. "Na ba ka tawul ɗina, na ba ka ruwana. Da 'yan uwanka sun ƙone ni a ɗakina, kana zaune kana numfashi."

Nolan ya zaro makulli ya kwance ankwar. Spiro ya murza wuyan hannunsa, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Ba wanda ya ba shi haƙuri kuma, don mutanen Port Warrin sun fi iya jifa da gwangwani.

"Karenka na bayan shagona," in ji Bev ƙasa-ƙasa. "Na ba shi abinci."

Spiro ya tofar da miyau a bakin ƙofa ya fita.

Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa ya tuna da abin da ya bari a gida. Lorna ba ta motsa ba. Ta san yanzu yadda ɗanta ya mutu, ta kuma san ba za ta ƙara kwana ɗaki ɗaya da Des ba. Amma da sauran abu guda da ƙasa ba ta gaya mata ba. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

"Corey ba ya tura jirgi cikin ruwa sai ya tambaya. Kai ka koya masa, da duka ma. Ya tambaye ka?"

"Lorna, don Allah."

"Ya tambaye ka?"

Des ya rufe ido, hawaye na bin saɓaɓɓiyar fuskarsa.

"Ya tambaya. Hannunsa na kan igiya, ya ce, Baba, ka sa matoshi?"

"Ka ce masa me?"

"Mutane na tsaye a gangare suna ji. Na ce, kai, ni za ka tambaya?"

"Sai me?"

"Sai ya yi dariya, ya ce yi haƙuri Baba. Ya tura jirgin."